In DosR ce ke sa ƙwayar tarin fuka barci, me ya hana a toshe ta a huta?

dalibar_micro
Assalamu alaikum malamaina. Tambaya ce ke cina. A kwalbar gwaji, in aka zuba wa Mycobacterium tuberculosis rifampicin da isoniazid tana cikin girma, cikin 'yan kwanaki yawancinta ya mutu. Amma majinyaci sai ya yi wata shida yana sha, wata biyu magani huɗu, wata huɗu magani biyu. Bayanin da ake yawan bayarwa shi ne wai DosR, wata furotin mai kunna ƙwayoyin gado, ita ce ke sa bakteriyar barci a cikin huhu, magani kuma ba ya cin mai barci. To in haka ne, me ya hana a yi maganin da zai toshe DosR a huta? Na biyu, GeneXpert, injin gwajin kaki, ƙwayar gadon rpoB kaɗai yake dubawa don gano bijirewar rifampicin. Akwai bijirewar da ba a jikin furotin da magani ke hara take ba, a wajen kunna ƙwayar gado da kashe ta take? Don Allah a yi mini dalla-dalla.

Malam_Sigma
Wa alaikumus salam. Malama, kafin a je DosR a fara da injin kwafin kansa, don a nan rifampicin yake aiki. Injin nan mai kwafe DNA zuwa RNA, wato RNA folimares, yana da sassa biyar: alfa biyu, beta, beta-firam da omega. rpoB ke ƙera beta, rpoC ke ƙera beta-firam. Waɗannan biyar ɗin ba su san inda za su fara kwafi ba sai an haɗa musu sigma, ita ke gane furomota, wato wurin fara kwafi a jikin DNA. Tun da Stewart Cole da abokan aikinsa suka fitar da jerin DNA na H37Rv, nau'in bakteriyar da ake aiki da shi a leb, a 1998 aka san tana da harafi kusan miliyan 4.4, ƙwayoyin gado wajen 4,000, da sigma 13, daga SigA zuwa SigM. SigA ce ta yau da kullum, in babu ita babu rai. SigB, SigE da SigH na lokacin wahala ne, irin zafi, lalacewar bango da gubar oksijin.

Rifampicin ba ya hana injin hawa DNA, ba ya hana shi buɗe ta. Zama yake a wani rami a jikin beta, daidai hanyar da sabon RNA zai bi ya fita. Injin zai haɗa harafi biyu ko uku, sai RNA ɗin ya ci karo da maganin ya faɗi, a sake farawa, a sake faɗuwa. Wanda ya riga ya wuce wannan matakin yana tsakiyar kwafi, maganin ba ya iya masa komai. Shi ya sa a leb ake amfani da rifampicin a auna tsawon ran mRNA, wato saƙon da ake ƙera furotin da shi: a tsayar da sabon kwafi, a bi wanda ke akwai yana lalacewa. A wannan bakteriyar, in tana cikin girma, rabinsa kan ƙare cikin minti 9 da wani abu.

Tsohon_Malami
Bayanin Malam Sigma daidai ne, sai dai ya bar abu biyu da suka raba ta da E. coli ta cikin littafi, wato CarD da RbpA. E. coli ba ta da ko ɗaya, ita kuwa tamu dukansu biyun wajibi ne gare ta. Dalili: in folimares ɗinta ya buɗe DNA a furomota, buɗewar ba ta da ƙarko, nan da nan take komawa ta rufe. CarD na kama jikin beta, ta cusa wani amino asid, Trp85, a bakin wurin da DNA ta rabu don kada ta koma. RbpA kuma tana kama SigA ko SigB ta riƙe DNA daga gefe. Ayyukan Christina Stallings a St. Louis da na Elizabeth Campbell da Seth Darst a jami'ar Rockefeller su suka fito da wannan fili.

Ga masu neman furomota da kwamfuta: akwatin -10, wato TANNNT, shi ne abin dogaro. Akwatin -35 a nan ba shi da tsayayyar siffa. Duk wanda ya ɗauko manhajar da aka horar da E. coli ya zuba mata wannan DNA mai G da C kashi 65 cikin ɗari, tarkace zai kwasa. Sannan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saƙonninta daga AUG ko GUG ɗin suke farawa kai tsaye, babu wani gabatarwa a gaba, babu jerin Shine-Dalgarno.

auwal_400L
Ranka ya daɗe, wannan rashin ƙarkon ne ya sa take yin awa 20 kafin ta rabu biyu?

Tsohon_Malami
A'a yarona, M. smegmatis, 'yar'uwarta da ba ta sa tarin fuka, ita ma tana da CarD da RbpA, kuma cikin awa 3 zuwa 4 take rabuwa. Abin da aka fi nunawa shi ne oferon (jerin ƙwayoyin gado da ake kwafewa tare) na rRNA, RNA ɗin ribosom mai ƙera furotin: ɗaya tak gare ta, smegmatis biyu, E. coli bakwai. Amma ko wannan kada ka ɗauke shi shi kaɗai ne dalili. Kaurin bango da yadda abinci ke shiga ma suna ciki.

Dr_Kirji
Bari in dawo da mu kan DosR, don ita aka tambaya. Malama ɗaliba, maganar "DosR ce barci" an yi mata kwaskwarima da yawa har ta fi ƙarfin hujjarta.

Ga abin da ya tabbata. Akwai na'urorin ji guda biyu, DosS da DosT, kowace na ɗauke da hem. In oksijin ya yi ƙasa, ko NO ko CO suka hau kan hem ɗin, sai su ɗora wa kansu fosfet su miƙa wa DosR a Asp54. DosR ta kama DNA ta kunna ƙwayoyin gado kusan 48. Fitattu a ciki: hspX mai ƙera furotin ɗin nan na 16 kDa, tgs1 mai tara kitse a cikin bakteriyar, narK2 mai jigilar naitiret. Jaya Tyagi ta Delhi ta fara gano ta da sunan DevR, har yau sunaye biyun na yawo.

Ga inda maganar take tangarda. Na farko, kunnuwar ba ta daɗewa. Cikin awanni kaɗan take kai ƙololuwa, daga nan yawancin waɗannan 48 ɗin su sauko, wani rukuni daban na wajen 230 ya karɓa, kuma shi ba a hannun DosR yake ba. Na biyu, in aka cire dosR aka sa wa ɓeran leb na yau da kullum, bakteriyar tana zamanta lafiya. Sai a birai aka ga raunin sosai, saboda giranuloma, ƙullin da jiki ke killace bakteriyar a ciki, ta biri, zomo da ɓeran masar na rasa oksijin a tsakiya, ta ɓeran C57BL/6 kuwa ba ta yi. Na uku, dangin Beijing, zuriya ta 2, DosR ɗinsu a kunne take ko da iska ta wadata, kuma ba barci suke ba, suna cikin masu saurin yaɗuwa. Ni a ganina DosR ba ita ke kwantar da bakteriyar ba. Numfashi ne ke tsayawa, girma ya tsaya, DosR kuma ta taimaka mata ta rayu cikin halin, ta kuma iya farfaɗowa in iska ta dawo.

Maman_Ilham
Dakta, an ma gwada toshewar ai. Rukunin Robert Abramovitch a Michigan sun nuna a 2017 cewa artemisinin, wannan dai na zazzaɓin cizon sauro, yana ɓata hem ɗin DosS da DosT. A kwalba ya rage juriyar bakteriyar ga isoniazid a inda babu iska. Amma a kwalba ne fa. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ce wa mai tari ya sha ACT, maganin zazzaɓin nan mai artemisinin.

Dr_Kirji
Madalla da kika ja kunnen. Irin wannan zumuɗin aka yi da metronidazole: yana kashe ta a kwalbar da babu oksijin, a ɓera bai yi komai ba, da aka gwada wa masu MDR, wato tarin da ya bijire wa rifampicin da isoniazid, a Koriya ta Kudu sai ciwon jijiyoyin hannu da ƙafa ya yi yawa.

Dan_Leb_BSL3
Tunda ana maganar kwalba, bari in faɗi yadda ake yin ta, don rabin bayanan DosR da ke yawo a rubuce-rubucen ɗalibai ba na bakteriyar ba ne, na hannun mai gwajin ne.

Tsarin Wayne, na Lawrence Wayne, 1996: kwalba a rufe ruf, iskar da ke sama rabin yawan ruwan da ke ƙasa, maganaɗisu na juyawa a hankali yadda saman ruwan ba zai motsu ba. Bakteriyar da kanta take shanye oksijin ɗin. In ya sauka zuwa kashi 1 cikin ɗari an shiga mataki na farko, in ya kai kashi 0.06 an shiga na biyu. A ware kwalba ɗaya a zuba mata methylene blue, maikirogiram 1.5 a kowace mililita; in shuɗin ya kore, iska ta ƙare. Kowane lokacin ɗiba da kwalbarsa. Wanda ya buɗe kwalba ɗaya ya ɗiba ya mayar da murfi, ya gama ɓata gwajin.

Sai ciro RNA, nan ne gizo ke saƙa. Kada a taɓa kai ɗanyen samfur santirifuj. Da zarar bakteriyar ta dunƙule a gindin bututu, iskar tsakiyar dunƙulen ta ƙare, cikin mintuna hspX ta tashi. Sai ka ga samfurin da ka ce na mai iska ne yana nuna DosR a kunne. Kamar ka je ɗaukar hoton mutum yadda yake zaune ne, ka fara tura shi rami tukuna. Abin da ake yi: a juye ruwan rainon kai tsaye cikin sinadarin GTC (guanidinium thiocyanate) mai ƙarfin mola 5, kashi huɗu na GTC kashi ɗaya na samfur. Shi zai tsayar da kwafi nan take ba tare da ya fasa bangon ba. Bayan haka a juya, a zubar da ruwan sama, a narka dunƙulen a mililita 1 na TRIzol, a zuba a bututu mai duwatsun zirkoniya na milimita 0.1, a girgiza sau uku, daƙiƙa 30 zuwa 45 kowanne, da minti ɗaya ko biyu a kan ƙanƙara a tsakani. In aka tsallake ƙanƙarar zafi zai ɓarɓashe RNA. In aka tsallake duwatsun kuwa, TRIzol shi kaɗai ba ya fasa wannan bango mai kitse yadda ya kamata. Sai kulorofom, sai kolom, sai DNase mai narkar da ragowar DNA. Duk wannan har zuwa fashewar a ɗakin BSL-3, leb mai tsauraran matakan kariya, ake yi, ba a fitar da komai sai bisa ƙa'idar da ɗakin ya tabbatar tana kashe bakteriyar.

Ummi_qPCR
Ƙari kan na Malam Ɗan Leb. DNase sau biyu ake yi, sau ɗaya ba ya isa a nan. Kuma kowane samfur sai da ɗan'uwansa da ba a zuba wa enzayim ɗin mayar da RNA zuwa cDNA ba. In tazarar Ct, wato yawan zagayen qPCR kafin alama ta bayyana, tsakaninsu ba ta kai 5 ba, DNA kake aunawa ba saƙo ba. Bakteriya ba ta da intiron, saboda haka babu dabarar firaima da za ta cece ka.

Sai abin da ake daidaita sakamako da shi. Kowa sigA yake ɗauka, kuma a lokacin girma, kaurin ruwan raino, OD600, na 0.4 zuwa 0.6, ba laifi. Amma in iska ta ƙare ko girma ya tsaya, saƙon sigA ma sauka yake, sai duk abin da ka raba da shi ya zama kamar ya hau. rRNA na 16S kuma ya yi yawa ainun, ga daɗewa, ba ya bin abin da ke faruwa. A haɗa biyu, ko a zuba RNA na waje da aka san adadinsa tun kafin a fasa.

Dan_Leb_BSL3
Gaskiyarki. Kuma a rubuta ko ruwan 7H9 ɗin da Tween 80 aka yi shi. Kashi 0.05 ɗin nan yana hana dunƙulewa, amma yana sakin oleik asid, bakteriyar ta ci, ƙwayoyin gadon sarrafa kitse su motsa. Mai nazarin abincin bakteriyar gara ya koma tyloxapol.

Gambo_NGS
An manta da tambayarta ta biyu, kuma ita ta fi taɓa majinyaci. Amsa: ƙwarai akwai, ba ɗaya ba.

Isoniazid. Sauyin katG S315T yana hana a kunna maganin, wannan a jikin furotin yake. Amma c-15t a furomotar fabG1 da inhA bai taɓa furotin ba ko kaɗan. InhA ɗin, wanda maganin ke hara, lafiyayye ne, kwafinsa ne ya ninka wajen sau 20, sai maganin ya kasa cinye shi duka. Shi ya sa bijirewar ƙarama ce: a MGIT, bututun rainon da ake gwada magani a ciki, ta girma a 0.1 amma sau da yawa ta kasa a miligiram 0.4 cikin lita. Illar ita ce ethionamide ma InhA yake hara, saboda haka ya tafi tare. Akwai ma wanda ya fi wannan wayo, fabG1 L203L. Harafi ya canja daga g zuwa a, amino asid bai canja ba, duk manhajar da ke zubar da sauyin da ba ya canja furotin za ta watsar da shi. Alhali sabuwar furomota ya ƙirƙiro a gaban inhA.

Kanamycin. Sauyi a furomotar eis, irin c-14t da g-10a, yana ƙara yawan Eis, ita kuma ta manna wa maganin asetil ya mutu.

Bedaquiline, wanda ya fi ba da tsoro yanzu da BPaLM, haɗin magani huɗu na wata shida da yake ciki, ta zama abin dogaro ga masu MDR tun shawarar WHO ta Disambar 2022. Rv0678 furotin ce mai dannewa, aikinta ta zauna a furomotar mmpS5 da mmpL5 ta hana ƙera famfon fitar da magani. In ta lalace, famfon ya buɗe. MIC, mafi ƙarancin maganin da ke hana ta girma, na hawa ne kaɗan, ninki 2 zuwa 8, amma ya isa, kuma clofazimine na bin wannan famfon. Wato mutumin da bai taɓa shan bedaquiline ba, clofazimine kawai ya sha, zai iya zuwa da bijirewar.

Hajiya_Pharm
Malam Gambo, Xpert MTB/XDR ba ya kama waɗannan?

Gambo_NGS
Hajiya, yana kama na isoniazid da na eis: furomotar inhA, fabG1, katG, tsakanin oxyR da ahpC, gyrA, gyrB, rrs, furomotar eis. Rv0678 ba ta ciki, kuma da wuya a sa ta. Kunna furomota sai da takamaiman harafi a takamaiman wuri, shi ya sa bincike ƙwaya ɗaya ke kama shi. Lalata mai dannewa kuwa ta ko'ina ana iya yi: a ƙara harafi, a cire harafi, IS6110, guntun DNA mai tsalle daga wuri zuwa wuri, ta faɗo tsakiya. Ɗaruruwan sauyi ne warwatse. Sai dai a karanta ƙwayar gadon gaba ɗayanta, irin yadda Deeplex Myc-TB ke yi, ko a shuka a MGIT da miligiram 1 cikin lita.

Kuma ko an karanta, a duba mmpL5 ɗin kanta. In famfon a karye yake, lalacewar Rv0678 ba ta haifar da komai. Haka eis: furomota mai ƙarfi a gaban ƙwayar gadon da ta mutu aikin banza ne. Kundin sauye-sauye na WHO, bugu na biyu na 2023, ya yi maganar wannan.

rpoB_450
A yi wa rpoB ɗin ma adalci, shi kansa ba duka GeneXpert ke gani ba. Harafi 81 yake dubawa, kodon 426 zuwa 452. Masu tsohuwar lamba ta E. coli su ce 507 zuwa 533, S450L ɗinmu shi ne S531L ɗinsu, a cire 81 kawai. Kusan kashi 95 na masu bijirewa a nan suke. I491F a waje yake, kuma a binciken ƙasar Eswatini da aka buga a 2015 an same shi a wajen kashi 30 na masu MDR. Na'ura ta ce rifampicin na ci, alhali ba ya ci. MGIT ma kan tsallake shi tare da irin su L430P, D435Y da L452P, abin da ya sa WHO ta rage ma'aunin rifampicin a MGIT daga miligiram 1.0 zuwa 0.5 cikin lita a 2021.

Malam_Sigma
Kuma kada a ɗauka sauyin rpoB ya tsaya a magani. Injin da ke kwafe kowace ƙwayar gado ne aka taɓa, saurinsa da yadda yake tsayawa duk sun canja. Shi ya sa daga baya ake ganin sauyin gyara a rpoC da rpoA, musamman tare da S450L, su mayar mata da ƙarfin yaɗuwa. Wani abin mamaki da rukunin Babak Javid suka nuna a 2018: oferon ɗin rpoB da rpoC furomota biyu gare shi. Rifampicin kaɗan yana danne ta farko, hakan sai ya buɗe wa ta biyu hanya, folimares ya ƙaru a wasu daga cikin bakteriyar, su ci gaba da girma cikin maganin ba tare da wani sauyi a DNA ba.

Hajiya_Pharm
Wannan ai hujja ce ga masu cewa miligiram 10 a kowane kilo ya yi kaɗan. Ga kuma masu shan rifampicin bayan sun cika ciki da abinci, jini bai samu yadda ya kamata ba.

Likitan_Dabbobi
Salamu alaikum. Duk an taru kan DosR, ni kuwa PhoP da PhoR nake ganin sun fi ta nauyi a cuta. H37Ra, 'yar'uwar H37Rv da ba ta sa cuta, babban abin da ya karya ta harafi ɗaya ne a phoP, S219L, a hannun da ke kama DNA. PhoP ke kunna pks2 da pks3/4 masu ƙera kitsen bango, SL-1 da DAT da PAT, ta kuma kunna espR, EspR ta kunna espACD, sai ESAT-6, furotin da ke taimaka mata sa cuta, ta samu fita. Tsamin cikin makrofej na daga abin da ke tayar da ita. Rigakafin MTBVAC na jami'ar Zaragoza phoP da fadD26 aka cire masa.

Inda ya shafe mu: M. bovis ta shanu da M. africanum zuriya ta 6 suna da PhoR mai rauni, kitsen nan ba sa ƙera shi sosai. Amma ESAT-6 tana fita, saboda wani yanki, RD8, ya gutsure a gaban espACD, ya raba ta da dogaro da PhoP.

Maman_Ilham
Zuriya ta 6 ta can yamma ce dai ko, Gambiya, Senegal, Gini Bisau? Tamu ta Najeriya, Benin da Kamaru zuriya ta 5 ce, Ghana kuma duka biyun. Kuma mafi yawan abin da ke yawo a Najeriya dangin Kamaru ne na zuriya ta 4.

Likitan_Dabbobi
Haka ne Hajiya. Abin da ya haɗa su a aikace shi ne gwajin MPT64, ɗan katin nan da ake ɗiga wa ruwan MGIT in ya nuna girma. A Gambiya an nuna zuriya ta 6 ba ta kwafar mpt64 da yawa, a Benin kuma an ga katin yana tsallake zuriya ta 5. Layi bai fito ba, sai a rubuta NTM, wato dangin Mycobacterium da ba na tarin fuka ba, a sallami mai tarin fuka na gaske. In katin ya ce babu amma madubi ya nuna bakteriyar a murɗe kamar igiya, a bar kwalbar ta ƙara kwanaki a sake, ko a tabbatar da gwajin DNA.

auwal_400L
Tunda an ambaci NTM, me ya sa clarithromycin ba ya cikin maganin tarin fuka?

Tsohon_Malami
WhiB7. Ƙaramar furotin ce mai ƙarfe da sulfa, tana kama SigA ta gefe ɗaya, DNA mai yawan A da T ta ɗaya gefen. A gabanta akwai wani ɗan gajeren saƙo. In magani ya sa ribosom ya maƙale a kansa, kwafin ba ya tsayawa inda ya saba, sai ya zarce cikin whiB7. Ita kuma ta kunna erm37, tap da eis. Maganin ne da kansa ke tayar da abin da zai kare ta daga gare shi. A M. abscessus ma haka ne da erm41, shi ya sa ba a yanke hukuncin clarithromycin a kwana na 3, sai an sake karantawa a kwana na 14.

Dr_Kirji
Ina so in ɗan rage wa ƙwayoyin gado girma, kada ɗalibarmu ta tafi da cewa wata shidan nan duk kunnawa da kashewa ne. Akwai maganar ko maganin ya ma isa wurin. Rukunin Véronique Dartois sun auna huhun da aka yanko daga majinyata a 2015: rifampicin da pyrazinamide na shiga cikin ruɓaɓɓen tsakiyar nan mai kama da cuku, moxifloxacin ba ya shiga sosai. Kuma rifampicin da pyrazinamide ɗin ne suka rage tsawon magani daga wata 18 zuwa 9 zuwa 6. Rifampicin ɗin da ake cewa ba ya cin mai barci, shi ne ma ya fi cin ta, don ko mai barci tana ɗan kwafi. Isoniazid ne ke rasa aiki in an daina gina bango.

Malam_Sigma
Dakta, ban ƙi ba, amma waɗanda ke cikin cukun nan ko rifampicin sai an ninka shi sosai kafin ya kashe su, in aka kwatanta da masu girma. Isa wurin dabam, halin da aka tarar da su dabam. Kuma a nan Rel ta shigo: in abinci ya ƙare ta ƙera ppGpp, sinadarin sanar da yunwa, bakteriyar da aka cire wa rel ba ta iya daɗewa a ɓera. Sai dai a lura, ba kamar E. coli ba, a nan ppGpp ba ya hawa folimares kai tsaye, DksA mai taya shi a E. coli ma babu.

Ummi_qPCR
Wannan gardamar ana iya auna ta. TB-MBLA na jami'ar St Andrews 16S rRNA yake ƙirgawa a kaki, yana faɗin yawan masu rai, abin da GeneXpert ba ya iyawa tunda DNA ta matacciya na daɗewa. Na Nicholas Walter na Colorado kuma ya ƙara mataki: a auna ɗanyen rRNA da ba a gama yankewa ba, ETS1, a raba da cikakken 23S. Ɗanyen ba ya daɗewa, in ka gan shi to yanzu ake ƙera shi. Rifampicin, pyrazinamide da bedaquiline suna rusa wannan ma'aunin, isoniazid da ethambutol suna rage adadi amma waɗanda suka rage na ci gaba da ƙera ribosom.

dalibar_micro
Na gode ƙwarai malamai, Allah ya ƙara basira. To in mutum na son ya gwada da hannunsa ko dosR ko phoP ce ke da alhakin juriyar, ba tare da cire ƙwayar gadon ba fa?

Gambo_NGS
CRISPRi na Jeremy Rock, 2017: guntun RNA, wato jagora, ke kai furotin dCas9 ya zauna a kan ƙwayar gadon ya hana kwafinta ba tare da ya yanke ta ba. dCas9 ɗin Streptococcus thermophilus ake amfani da shi, na S. pyogenes bai yi kyau a nan ba. A zaɓi jagora mai harafi wajen 20 kusa da PAM, ɗan jerin da dCas9 ke ganewa, in a cikin ƙwayar gadon ne ya kama zaren da ba shi ake kwafa ba. A kunna da sinadarin ATc, nanogiram 100 a mililita, a naɗe kwalbar da takardar alminiyom don haske na kashe shi, a sabunta duk bayan kwana uku ko huɗu. Dole a haɗa da jagorar da ba ta hara komai, kuma a tabbatar da raguwar da qPCR kafin a ce an ga sakamako.

Dan_Leb_BSL3
A yi hattara da oferon. dosR tana tsakiya ne: Rv3134c a gabanta, dosS a bayanta. Ka toshe dosR, dosS ta tafi tare, sai ka mayar da dosR daga wani wuri dabam, da jerin da jagorar ba za ta gane ba, kafin ka san ta wace ce alamar. phoP ma haka take da phoR. In babu BSL-3, a fara da M. smegmatis mc2155 a koyi hannu, tana da DosR da DosS amma ba ta da DosT, saboda haka sakamakonta ba ya wakiltar tamu kai tsaye.

Likitan_Dabbobi
BCG ma ana iya rainonta a BSL-2, kuma ta fi kusa. Amma don phoP ba ta dace ba, PhoR ɗin bovis ta gada, RD1, yankin DNA mai ɗauke da ƙwayar gadon ESAT-6, kuma babu, to ESAT-6 ɗin da za a auna ba ta nan. Kuma a faɗi wace BCG ce: ta Tokyo da ta Rasha suna zuba furotin MPB70 da yawa, ta Pasteur kuwa kodon farko na sigK ya lalace, kusan ba ta yi.

Dr_Kirji
Malam Ɗan Leb, H37Rv ɗin da ta daɗe ana juya ta daga kwalba zuwa kwalba fa? Kafin a ɗora wa phoP ko dosR laifi ai sai an duba PDIM, kitsen nan na bango.

Dan_Leb_BSL3
Sosai Dakta. Waɗanda suka zubar da PDIM sun fi saurin girma a kwalba, sai su mamaye ta, bangon ya ƙara sakin magani, a ce sauyin da aka yi ne ya jawo. A koma kan ajiyar firiza ta -80 mai ƙarancin juyi, a karanta ppsA zuwa ppsE, mas da fadD26 a uwar da 'yar duka, ko a yi gwajin TLC mai rarrabe kitsen bangon kafin a fara.